Yadda Ma'aurata Mazauna Jamus Za Su Shirya Yawon Buɗe Ido Zuwa Ƙasashen Maƙwabta

Jamus tana da maƙwabta tara: Denmak a arewa, Folan da Cek a gabas, Ostiriya da Suwizalan a kudu, sannan Faransa da Luksambag da Beljiyam da Holan a yamma. Wanda ke zaune a Kolon, tsakaninsa da Burasel, babban birnin Beljiyam, kusan kamar daga Kano zuwa Kaduna ne, kuma jirgin ƙasa mai sauri ba ya cika awa biyu ya kai shi. Duk da haka za ka tarar da mata da miji 'yan gida sun yi shekaru a nan ba su taɓa tsallaka iyaka ba. Maigida daga wurin aiki ko jami'a sai gida, uwargida daga ajin koyon Jamusanci sai kantin cefane. In an yi maganar hutu, Najeriya ko Nijar kawai ake tunani, ita kuwa wannan tafiyar sai an yi tarin shekara. Abin yana damuna, musamman saboda matan da aure ya kawo, waɗanda suka baro dangi da zumunci suka zo suka tare a ɗaki biyu, ga sanyi ga shiru. Fitar kwana ɗaya ko biyu tana sauya musu iska sosai, kuma ba ta da tsadar da ake zato, in an bi ta daki-daki.

Ku fara da takardu, kafin maganar tikiti

Ku ɗauko fasfo ɗinku da katin izinin zama, kowa nasa, ku ajiye a kan tebur ku duba kwanan watan ƙarewarsu. Ƙa'idar ita ce: wanda ke da izinin zama na Jamus mai rai, ko bizar zama mai harafin D da aka shigo da ita, yana iya shiga sauran ƙasashen yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyakokinsu, ba tare da wata biza ba, har kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Ziyara aka yarda, ban da aiki. Ƙasashen yankin yanzu 29 ne, kuma duk maƙwabtan Jamus tara suna ciki, har da Suwizalan wadda ba ta cikin Tarayyar Turai.

Ingila ba ta ciki. Ayalan ma ba ta ciki. Katin zaman Jamus ba zai shigar da mai fasfon Najeriya ko Nijar Landan ba, sai ya nemi biza ta daban. Ku cire ta daga lissafin farko.

Fasfo da katin zama tare suke tafiya. Katin shi kaɗai ba takardar tsallaka iyaka ba ne, ko da kuwa kun ga wasu suna tafiya da shi haka. Idan ɗayanku ya sabunta fasfo, lambar da ke jikin katin ta tsohon fasfo ce, don haka a riƙe tsohon da sabon duka, ko a je ofishin baƙi, wato Ausländerbehörde, a daidaita katin. Ɗan koren takardar nan da ake haɗa wa wasu da katin ita ma a sa ta cikin fasfo.

Inda aka fi samun matsala shi ne lokacin da izinin zama ya ƙare, an nemi sabuntawa, aka ba mutum takardar riƙon ƙwarya mai suna Fiktionsbescheinigung. A jikinta akwai 'yan akwatuna uku, ma'aikacin zai yi alama a ɗaya. In alamar tana kan § 81 Abs. 4, ana iya fita a dawo muddin takardar ba ta ƙare ba, tare da fasfo da tsohon katin. In tana kan Abs. 3, to ku zauna a gida, domin fita ba wuya, dawowar ce za ta gagara. Haka wanda ke jiran hukuncin neman mafaka, ko mai takardar Duldung, wato ta dakatar da korar mutum na ɗan lokaci, ba ya tsallaka iyaka da ita. Na tsaya a nan ne domin sau da yawa takardun miji da na mata ba sa tafiya tare: nasa katin na da sauran shekara biyu, nata kuwa ana kan sabuntawa. Maigida, kada ka auna takardarta da taka. Ka duba tata da idonka, in kuna da shakka ku aika wa ofishin baƙi tambaya a rubuce ku jira amsa.

Kada kuma a ce ai ba a dubawa a iyaka. Tun 16 ga Satumban 2024 Jamus ta dawo da bincike a dukkan iyakokinta na ƙasa. 'Yan sanda suna shiga jirgin ƙasa da bas, wani lokaci su zaɓi mutum biyu ko uku a cikin tarago guda, kuma mu baƙaƙen fata mun san ba ma ɓuya a irin wannan zaɓin. Mai cikakkun takardu minti ɗaya ne an gama da shi.

Kafin ku tashi daga teburin, ku ɗauki hoton fasfo da katin kowa, gaba da baya, ku tura wa juna ta waya.

Ku zauna ku biyu ku yanke shawara

Wannan mataki ana raina shi, alhali shi ke gyara tafiya ko ya ɓata ta. Kowa ya faɗi abu ɗaya da yake son gani. Wataƙila shi gidan tarihi yake so, ita kuma bakin ruwa ko lambun furanni, ko kasuwar da za ta sami daddawa da busasshen kifi. A sa na kowa a cikin shirin, kuma ranar da aka zo kan abin da ita ta zaɓa, kada a yi ta duba agogo. 'Yar'uwa, ke ma kada ki ce "duk inda ka ce." Ki buɗe taswira ki zaɓa, ki koyi sayen tikitin da kanki a manhaja. Wata rana ke za ki jagoranci baƙin da suka zo daga gida.

Sannan a yi maganar kuɗi ƙarara: nawa za mu kashe, daga ina za su fito, nawa ne na tsaraba. Kowa ya san akwai 'yan gida da ke jiran saƙon ƙarshen wata, kuma hoton da za a ɗora a WhatsApp zai iya jawo ƙarin buƙatu. Ku yanke tun a gida ko za ku ɗora ko a'a. Abin da ya fi sauƙi shi ne a riƙa ware wani ɗan abu duk wata a gefe, ko Yuro 30 ko 50, har ya taru, don kada tafiya ta ci kuɗin haya.

Lokaci kuma: daga Mayu zuwa Satumba ya fi daɗi. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a wannan yanki sai wajen ƙarfe goma saura na dare, a Disamba kuwa huɗu da rabi duhu ya fara. Ku dubi ranakun hutu da suka faɗo Alhamis, a nemi hutun Juma'a a wurin aiki, sai a sami kwana huɗu a jere. Amma ku sani kowa haka yake yi, farashi yana tashi, musamman lokacin hutun makarantu.

Tafiyar farko ta zama ta jeka-ka-dawo

Ban ba da shawarar a fara da Faris ba. A fara da inda za a tafi da safe a kwana a gida, a gwada ƙafa, a ga yadda kowa yake da gajiya da yunwa a hanya.

Ga mazauna yammacin Jamus, Aachen ƙofa ce. Daga can bas na kai mutum Vaals, wani ƙaramin gari a Holan, inda ake hawa tudu a isa wurin da iyakokin Jamus da Beljiyam da Holan suka haɗu. Akwai ɗan ginshiƙin dutse da tutoci uku, mutum ya zagaya shi ya taka ƙasa uku cikin taku kaɗan. Tudun mita 322 ne, kuma shi ne wuri mafi tsawo a ɓangaren Holan da ke nahiyar Turai. Daga Aachen ɗin dai, Maastricht kamar awa ɗaya ce, gari mai tsohuwar gada a kan kogin Maas, inda aka sa hannu kan yarjejeniyar kafa Tarayyar Turai a 1992.

Amma in ni za a tambaya, Luksambag ce ta fi dacewa da masu ƙaramin aljihu. Daga Trier jirgi ba ya cika awa ɗaya, kuma tun 2020 bas da taragon cikin gari da jirgin ƙasa kyauta ne a duk faɗin ƙasar, in ban da kujerun aji na ɗaya. Ba tikiti, ba kati, shiga kawai ake yi. Birnin a kan duwatsu yake, da kwari mai zurfi a tsakiya. Ku bi hanyar ƙafa ta Corniche ku hango unguwar Grund a ƙasa da koginta, sannan ku shiga lif ɗin gilashi na Pfaffenthal, shi ma kyauta. Abinci ne ke da tsada a can, don haka a tafi da guzuri. Masu sha'awar tarihi na iya ƙarasawa ƙauyen Shengen a bakin kogin Mosel, inda ƙasashe biyar suka sa hannu a 1985, a cikin jirgin ruwa, kan yarjejeniyar da ta buɗe waɗannan iyakokin da kuke tsallakawa.

Mazauna kudu suna da nasu: daga Munik zuwa Salzburg, daga Kehl a hau tarago a tsallaka kogin Rayin a shiga Strasbourg. Na Dresden kuma Prag ce kusa da su.

Sayen tikiti

Idan kuna da Deutschlandticket, tikitin wata-wata na duk faɗin Jamus, wanda ya koma Yuro 63 a wata tun Janairun 2026, ya ɗauke muku jiragen yanki da bas har bakin iyaka, a wasu layukan ma har tashar farko ta ƙetare, kamar Salzburg. Ba ya aiki a manyan jiragen dogon zango, ICE ko IC, kuma na mutum ɗaya ne da sunansa, miji ba ya ara wa mata. Kafin ku hau, ku duba a manhajar DB Navigator inda ikonsa ya tsaya, ku sayi na ragowar hanyar. Mai duba tikiti ba ya karɓar uzurin rashin sani.

Ga tafiya mai nisa, a sayi tikitin rangwame na Sparpreis Europa da wuri, makonni kafin ranar. Kujera ɗaya ce, amma wanda ya saya tun da wata guda da wanda ya saya jiya ba kuɗi ɗaya suka biya ba. Sharaɗin rangwamen shi ne jirgin da aka rubuta shi za a hau. Ku sayi hanyar gaba ɗaya a tikiti guda, daga garinku har inda za ku sauka, domin in jirgin farko ya makara kuka rasa na biyu, haƙƙinku ne a sa ku a na gaba. In kun isa da lattin awa ɗaya ana mayar da kashi 25 cikin ɗari na kuɗin, awa biyu kuma rabi. Ku bar aƙalla minti 20 a duk inda za a canza jirgi, jiragen nan suna makara fiye da yadda ake ba da labari a gida. Ku biya ɗan abin da ake biya a kama muku kujeru biyu kusa da juna.

Zuwa Faris daga Kolon, jirgin ƙasa na Eurostar ne, kamar awa uku da rabi, yana sauke ku a Gare du Nord. FlixBus ya fi araha amma ya fi cin lokaci, kuma shi ne 'yan sandan iyaka suka fi tsayarwa.

Wani abu da ke ɗaure wa baƙo kai: gari ɗaya suna uku. Kolon a allon Jamus Köln ce, a Beljiyam za ku ga Cologne ko Keulen. Aachen tana zama Aix-la-Chapelle ko Aken. Liège ita ce Luik, ita ce Lüttich. Ku riƙe lambar jirgin da lokacinsa, su ba sa canzawa. A Burasel kuma manyan jirage a tashar Midi suke tsayawa, wadda aka rubuta Zuid a gefenta, amma dandalin Grand-Place da ake zuwa gani ya fi kusa da tashar Central, 'yan mintuna a ƙafa.

Masu mota su lura da abu uku. Lasisin tuƙin gida wata shida kawai yake aiki bayan an yi rajistar zama a Jamus. Manyan titunan Ostiriya da Suwizalan da Cek sai da shaidar biyan kuɗin hanya, ta Suwizalan Faran 40 ce ta shekara, ko da kwana ɗaya za ku yi. Sannan Burasel da Antwerp suna buƙatar a yi wa motar Jamus rajista ta intanet kafin a shiga, Faris kuma sai da sitikar Crit'Air, mai nuna matakin hayaƙin mota. Tarar tana biyo mutum har gida ta akwatin wasiƙa.

Masauki

Ku nemi wanda za a iya sokewa kyauta, kusa da tashar jirgi ko tarago, kuma ku karanta ƙorafin waɗanda suka kwana kafin yabonsu. A tabbatar banɗaki a cikin ɗakin yake, domin masu araha da yawa na haɗaka ne a baranda. Yawanci ba a ba da ɗaki sai wajen ƙarfe uku na rana, amma za su ajiye muku jaka. Akwai harajin baƙi da birane ke ɗorawa, na Amsterdam kashi 12.5 cikin ɗari na kuɗin ɗaki ne, shi ya sa kwana a Haarlem ko Utrecht a shigo da safe yakan fi sauƙi. In za a yi kwana uku ko fiye, ɗaki mai ɗan kicin ya fi.

In kuwa wurin 'yan'uwa za ku sauka, ku sanar da wuri, ku faɗi ranar zuwa da ranar tafiya, ku riƙo wani abu a hannu. Gidajen nan ƙanana ne, mai masaukin kuma gobe da asuba zai fita aiki.

Abin da za a duba a daren tafiya

Ku juya katin inshorar lafiyarku. Masu inshorar gwamnati za su ga bayansa shuɗi ne da taurarin Turai, shi ne ake nunawa a asibitin wata ƙasa in larura ta taso. Sai dai ga wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba, ba ya aiki a Denmak da Suwizalan, kuma ko'ina ba ya biyan kuɗin ɗauko mara lafiya zuwa gida. Inshorar tafiya ta shekara ba ta da tsada, ku yi ta ku biyu. Ɗalibai masu inshora mai zaman kanta su tambayi kamfaninsu. In uwargida tana da juna biyu, littafin awonta, Mutterpass, ya shiga jaka kafin komai. Lambar gaggawa 112 ce a duk inda kuka je.

Layin wayarku na Jamus yana aiki a ƙasashen Tarayyar ba ƙarin kuɗi tun 2017. Suwizalan ba ta cikin wannan tsari, ku kashe data kafin jirgi ya shiga, ko da ratsawa kawai zai yi. Kuɗi ma haka: Suwizalan da Cek da Folan da Denmak ba Yuro suke ci ba. In na'urar biya ta tambaya a cire da Yuro ko da kuɗin ƙasar, ku zaɓi na ƙasar. Kada kuɗi da katuna su taru a jaka ɗaya, a raba gida biyu, kowa ya riƙe rabi. Ku tanadi 'yan sulalla don banɗakin tasha, biya ake yi.

Jaka ɗaya ta goyo kowa, ta isa. Takalmi mai taushi wanda ƙafa ta saba da shi, domin tsofaffin biranen nan da duwatsu aka shimfiɗe titunansu, kuma a yini ɗaya za a yi tafiyar da ba a yi a mako. Rigar ruwa ko lema, ko da an ga rana. Caja da batirin ajiya. Sallaya mara nauyi mai naɗewa. Da ƙaramar gorar roba wadda za ta zama buta, don ba za ku samu a banɗakinsu ba.

Salla, abinci da sutura

A mazhabar Malikiyya da akasarinmu muke bi, tafiyar da ta kai mil 48, wato wajen kilomita 80, ana yin ƙasaru, sai in an yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya. Maganar haɗa salloli biyu kuma ku tambayi malaminku tun kafin ranar, don kada a tsaya gardama a bakin tasha. Ku duba lokutan salla na garin da za ku, ku nemo masallaci a taswira ku gina yinin a kusa da shi. Babban Masallacin Faris kansa wurin ziyara ne. An buɗe shi a 1926 don tunawa da sojojin Musulmi da suka mutu suna yi wa Faransa yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Hasumiyarsa mita 33 ce, tsakar gidansa da lambu da maɓuɓɓugar ruwa da koren tayil, kuma a gefensa akwai inda ake shan shayi mai na'a-na'a. A sauka a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Place Monge. A Burasel babban masallacin yana cikin lambun Cinquantenaire. 'Yan'uwanmu Kirista kuwa ba su da wahala ranar Lahadi, ko'ina akwai coci, a manyan biranen har da majami'un 'yan Afirka.

Kun saba da Schwein, wato alade, a Jamus, to ku ƙara da porc da jambon da lardons a Faransa da Beljiyam, da varken da spek a Holan. Soyayyen dankalin Beljiyam da ake ta yabo, a al'adance da kitsen saniya ake soya shi, mai kiyaye yanka ya tambaya ko da man gyaɗa ko na sunfulawa ne. Farfesun namansu mai suna carbonnade da giya ake dafa shi. Cakulan ɗinsu ma wasu da barasa a ciki, a tambayi mai kanti kafin a cika kwalin tsaraba. Shagunan Turkawa da Larabawan Maroko suna kusa da kusan kowace babbar tasha. In kewar gida ta motsa, Matonge a Burasel da Château Rouge a Faris unguwannin 'yan Afirka ne: kuɓewa, manja, doya, atamfa, har goro ana samu.

Hijabi ba shi da matsala ga mai yawo a titi ko gidan tarihi. Niƙabi ne doka ta taɓa. Faransa da Beljiyam sun hana rufe fuska a bainar jama'a tun 2011, Ostiriya 2017, Denmak 2018, Suwizalan daga farkon 2025. Holan ta hana a motocin haya da asibitoci da makarantu da ofisoshin gwamnati tun 2019. Mai sa niƙabi ta san wannan tun a gida, ita da mijinta su yanke abin da za su yi.

In an isa

Abu biyu a yini sun isa, ɗaya da safe ɗaya da yamma, tsakaninsu a ci abinci a zauna. Mai son ya ga Faris duka a kwana biyu ba abin da zai gani sai cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa. Wuraren da ake rububi, kamar hasumiyar Eiffel mai tsawon mita 330 da gidan tarihi na Louvre, a sayi tikitinsu ta intanet da lokacin shiga. Louvre a rufe yake ranar Talata, gidajen tarihi da yawa kuma Litinin suke hutu. A kusa da Burasel akwai gidan tarihin Afirka na Tervuren, ana zuwa da tarago mai lamba 44. Kayan Kwango ne akasari, da yawansu an kwaso su zamanin mulkin mallaka. Ku je, amma ba wurin da ake fitowa ana dariya ba ne, ku ba shi rabin yini. Lambun furanni na Keukenhof a Holan kuma daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Mayu kawai yake buɗewa.

A Holan ana shiga jirgi da tarago da katin banki, a taɓa a shiga, a taɓa a fita, kowa da nasa katin. Jan layin da ke gefen titi na masu keke ne, kada a tsaya ɗaukar hoto a kai, ba sa taka birki. Shagon da aka rubuta coffeeshop a Amsterdam wiwi ake sayarwa a ciki. Unguwar De Wallen, ta mata masu zaman kansu, tana daf da babbar tasha, mutum na iya faɗawa cikinta bai sani ba, don haka a duba taswira a bi ta babban titin Damrak.

'Yan sane suna aiki a cunkoso, a ƙofar jirgi da matakalar tasha. Jaka ta dawo gaba, waya ta bar aljihun baya. Wanda ya miƙo takarda a sa hannu, ko ya kamo hannu zai ɗaura zare a matakalar cocin Sacré-Cœur a Faris, a ce a'a a wuce ba tsayawa. Ku yi alkawari tun da safe: in ƙofar jirgi ta rufe ta raba ku, wanda ke ciki ya sauka a tasha ta gaba ya tsaya a wurin, ɗayan ya biyo. Kowa ya riƙe adireshin masauki a rubuce a takarda, ko da waya ta mutu.

In fasfo ko katin zama ya ɓata, ku nufi ofishin 'yan sanda mafi kusa a ranar, ku karɓi takardar shaidar rahoto. Ita da hotunan da kuka tura wa juna za ku nuna in an tare ku a hanyar dawowa. Katin bankin Jamus ana toshe shi ta lambar 116 116, daga waje a fara da +49. Da kun dawo ku sanar da ofishin baƙi, sannan a nemi sabon fasfo: 'yan Najeriya a ofishin jakadanci na Balin ko ƙaramin ofishin Frankfurt, 'yan Nijar a Balin. Har sai sababbin takardu sun fito, a dakatar da duk wata tafiya ta ƙetare.